Abin da aka tattauna kan bukkar gona da iska ta yaye

Ga abin da na tsinta daga shawarwarin da aka ba ɗan'uwanmu mai gona a bakin kogin Galma, wanda iska ta yaye wa bukka:

1. Kusan kowa ya ce hadarin farkon damina, wajen watan Mayu, shi ke ɓarna, kuma daga gabas yake tasowa. To, ƙofa ta kalli yamma, a rage tsayin jinka.

2. Dirkoki: a haƙa rami ya kai kamu guda, a shafe gindinsu da baƙin mai saboda gara, a danne da tsakuwa.

3. Kan rufi aka rabu. Wasu sun tsaya kan tampol, don sauƙin ɗauka. Masu shuci suka ce rana na cinye tampol, ga zafi kamar tanda, kuma iska na shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi. Ni dai ina bayan masu shuci. Mai kwano kuwa, aka ce ya ɗaure shi da waya, ƙusa kaɗai ba ta riƙewa.

4. A ja kwalbati kewaye da bukkar kafin ruwan Agusta.

5. Taki da iri su hau kan katako, a lulluɓe da leda. Nan babu wanda ya yi gardama.