Kwashe dusar ƙanƙara da tarakta: waɗanda suka taɓa yi, ku ba mu labari

Direban Kadawa

Assalamu alaikum. Shekarata 19 a kan tarakta, yawanci a gonakin shinkafa na Kadawa da Kura a jihar Kano, amma iyalina suna Na'ibawa. Ƙanena, autanmu, yana karatu a Winnipeg ta ƙasar Kanada. Ni na ɗora shi a kan taraktar Massey Ferguson tun yana sakandare, har ya iya haro da huɗa babu mai tsaya masa. Yanzu ya samu aikin dare wajen wani mai taraktoci da ke share harabar kantuna da ƙofar gidaje idan dusar ƙanƙara ta zuba. A watan Nuwamba zai fara.

Tun da ya faɗa Hajiyarmu ba ta samun barci, kullum sai ta ce in yi masa faɗa ya kula. To ni laka na sani, da ƙura, da taya idan ta kafe a fadama. Dusar ƙanƙara a waya kawai nake ganinta. Don Allah wanda ya taɓa yin aikin nan, ko ya zauna inda ake yi, ya gaya mini abin da zan gaya wa yaron nan.

Baban Ilham

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi hunturu uku ina wannan aikin a Montiriyal, can Kanada, kafin in dawo gida, yanzu ina Sharaɗa. Hannunsa da ya saba da sitiyari da ribas zai taimake shi ƙwarai, wannan kada ka damu. Amma akwai abin da gona ba ta koyarwa.

A gona ƙasa kake juyawa ta zauna inda take. A can kuwa tun kafin ka tada inji tambayar ita ce, ina zan kai ta? Kuskuren da na yi a shekarar farko ke nan. Zubar farko ba ta da yawa, sai na tara ta a bakin harabar wani kanti don in gama da wuri. Bayan kwana biyu rana ta ɗan fito, saman tulin ya narke, dare ya yi ya daskare. Ya zama dutse. Da na dawo da cokalin tarakta na buga, sai da haƙorana suka haɗu, tulin ko gezau. Haka na yi ta rasa wuri har watan Maris, daga ƙarshe sai da maigidan ya yi hayar katafila da tifa. Ka ce masa zubar farko ya tura ta can ƙurya iyakar inda fili ya ƙare, domin wasu suna tafe a bayanta. Kuma kada ya tara a kan bakin magudanar ruwa, ranar da za ta narke wurin tafki zai zama.

Kafin sanyi ya shiga ana kakkafa 'yan sanduna masu kala a gefen kowace hanya. Ya je da rana ya zagaya da ƙafa ya haddace wurin: ina dakali, ina murfin kwalbati, ina famfon 'yan kwana-kwana. Idan ta zuba duk duniya fari ce fat, ba ka bambance titi da ciyawa.

Sai babban abin, injin feso ta. Ana ɗaura shi a bayan tarakta, a haɗa shi da sandar nan mai juyawa da kuke haɗa injin casa, mai juyi 540 a minti. Yana da wani murɗaɗɗen ƙarfe da ke jawo dusar, fanka ta cilla ta waje ta bututu. Idan dusar mai ruwa-ruwa ce bututun yakan toshe. Malam, ko me za ka manta kada ka manta wannan: kada ya sa hannu a ciki. Ko ya kashe inji. Dusar da ta cushe tana riƙe fankar a ɗaure, kana zare ta sai ta zabura ta yi rabin juyi, kuma rabin juyin nan ya isa. Wanda ya koya mini aikin yatsu uku ne a hannunsa na dama, ranar farko ya cire safar hannu ya nuna mini, sannan ya miƙo mini sanda. Da sanda ake zungura, bayan an kashe inji an zare mukulli.

Makanikin Ƙofar Ruwa

Ban taɓa fita ƙasar nan ba, amma injin da Baban Ilham ya kwatanta dole yana da notin nan mai laushi da ake sa wa don ya karye idan inji ya ci karo da abu mai tauri. Irinsa ne a injin yankan ciyawa. Mutanenmu idan ya karye sau biyu sai su gaji su sa mai ƙarfi, ko guntun rodi. Daga nan sai a kawo mini giyabos a buhu, haƙora duk sun zube. Noti mai araha ake ƙi, a sayi babbar asara. A gaya wa yaro ya cika aljihu da na asali.

Tambayata ita ce man gas. Mu nan sanyin Janairu kaɗai yana sa tarakta ta yi gardama da asuba. Can yaya suke yi?

Baban Ilham

Gaskiyarka, Oga. A dare ɗaya na taɓa karya notin nan huɗu. Jarida da ta daskare, tabarmar ƙofa, sarƙar kare, duk suna ɓoye a ƙasa. Canza shi kuma sai ka cire safar hannu, ƙarfe yana manne wa fata. Nakan sa na canji a aljihun ciki don su ɗau ɗumin jiki.

Abin da har yau yake burge ni shi ne aikin hukumar birnin Montiriyal. Za a kafa alamar hana ajiye mota, motar janwe ta zagayo tana jiniya, wanda bai ɗauke tasa ba a ja ta. Sai a tattaro dusar layi ɗaya, babban inji yana tafe yana haɗiya yana zubawa a tifa da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi, ta cika wata ta maye. A kai wasu juji, wasu a zuba a ramin magudanar ƙasa. A yankin ne ma wani mai suna Arthur Sicard ya ƙirƙiro injin a 1925. Duk lokacin da na bi ta gefen Jakara da damina na ga shara ta cushe hanyar ruwa, wannan layin tifofin nake tunawa, raina ya ɓaci, don kayan aikin ba su fi ƙarfinmu ba.

Abu Sumayya

Oga makaniki, ni zan amsa maka. A Rasha na yi karatu, shekara shida, kuma taraktar da ke share mana harabar makaranta Belarus ce, MTZ-82, wadda ake ƙerawa a Minsk. Garma a gaba, babban burushi mai juyawa a baya. Direban dattijo ne, mun saba, nakan taya shi.

Man gas yana da kakin da ke narke a cikinsa. Sanyi ya yi tsanani sai kakin ya fito, man ya yi gajimare, ya yi kauri kamar man shanu a hunturu, ya toshe matata. Inji zai tashi, ya yi minti kaɗan, ya mutu. Shi ya sa gidajen mai suke sauyawa zuwa man hunturu. Hatsarin shi ne taraktar da aka ajiye tun rani da ragowar tsohon mai a tanki. Ya tambayi maigidansa wane mai ne a ciki. Kuma ya riƙa cika tanki bayan aiki, don tankin da babu komai yana yin gumi, ruwan ya daskare a cikin tiyo.

A Winnipeg, inda sanyi yake wuce digiri 30 ƙasa da sifili a Janairu, za ka ga waya tana leƙowa daga gaban mota. Ta hitar inji ce, ana jona ta da lantarki kafin a tada. Batir ma ƙarfinsa raguwa yake yi sosai. Idan ya tada kada ya hau aiki nan take, man haidirolik yana da kauri, ya bar shi ya yi ɗumi, ya ɗaga cokali ya sauke a hankali sau da yawa.

Gishirin da ake watsawa kuma yana da iyaka. An wuce wajen 10 ƙasa da sifili aikinsa ya yi rauni, sai a koma yashi da tsakuwa don taya ta samu abin kamawa. Sarƙa a taya, nauyi a baya. Tarakta a kan ƙanƙara ba ta jin birki yadda ka sani, cokali cike kuma a sama yana iya kifar da ita, ya riƙa tafiya da shi ƙasa-ƙasa.

Maman Hanif

Sannunku. Ni 'yar Gwammaja ce, aure ya kai ni Buffalo ta jihar New York. Ban taɓa hawa tarakta ba, amma ina cikin gida lokacin guguwar Disamban 2022, wadda ta fara ranar 23 ga wata. Sama da mita ɗaya ta zuba, da iska mai tsanani daga tafkin Erie, mutum sama da 40 suka rasu a yankin. An hana tuƙi kwanaki. Motocin sharar ma sun kasa fita da farko, don direba ba ya ganin gaban motarsa.

Ƙofarmu ta gaba da muka buɗe, bango muka tarar fari har da shatin ƙofar a jiki. Maigidana ya fita ta baya, abin da ya fara haƙowa shi ne bututun hayaƙin hitar gida. Wannan nake so ka gaya wa ƙanenka, Yaya. Yadda hayaƙin janareto yake kashe iyali a ɗaki a Kano, haka salansar da dusa ta toshe take kashe mutum a cikin mota, ba wari, sai barci. Idan ya maƙale yana jiran taimako ya fita ya share bayan salansa kafin ya kunna, ya ɗan sassauta gilas.

Layinmu katafila mai cokali ce ta buɗe shi, garma ba ta iya ba saboda motocin da aka bari a binne. Ina kallo ta taga, direban yana tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai, wani yana gabansa da doguwar sanda yana soka tulin kafin cokali ya shiga. Yara kuma suna son haƙa ɗaki a cikin tulin, ya duba kafin ya tura.

Shebur ma ba abin rainawa ba ne. Mai ruwa-ruwar nauyinta kamar jiƙaƙƙen yashi, tana kama zuciyar manya.

Abu Sumayya

Maman Hanif ta tuna mini jiki. Ya sa kaya hawa-hawa, kada na jikin fata ya zama auduga, tana riƙe gumi ta koma sanyi. A irin iskar can fatar da ke waje tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Idan yatsa ko kunne ya daina ciwo ya yi toka-toka, ba sauƙi aka samu ba. Kada ya murza, kada ya kara a wuta yadda muke yi da gawayi, ruwa mai ɗumi-ɗumi ake sa wa, a nemi asibiti. Ya yi alwalarsa a gida ya sa huffi.

Direban Kadawa

Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuri'a. Jiya bayan isha'i na zauna na karanta wa Hajiya duka, da na zo maganar salansa ta sa na maimaita, sannan ta ce in kira shi a gabanta. Ya ce an riga an ba shi layin gidaje da zai riƙa yi, gobe Asabar zai je ya zagaya da ƙafa. Maganar mai kuma ya ce bai taɓa kawowa a ransa ba, zai tambaya.

Baban Ilham, saura abu ɗaya. Ya ce injin nasu a baya yake amma gaba ake tuƙawa, ba da ribas ba. Irin wanda ka yi aiki da shi ne, ko wani daban ne?