Fata ɗaya, kowace ƙasa da sunan da take ba ta

Ɗalibi a Amurka: Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da ya fara ɗaure mini kai a nan shi ne cike fom. Makaranta, asibiti, neman aiki, ko'ina sai an tambayi launinka. Abokin zamana mahaifiyarsa Baturiya ce, fari ne sol, amma "baƙi" yake cikawa ba tare da wata-wata ba. Ya ce gadon tsohuwar ƙa'idar nan ce ta ɗigon jini ɗaya: in kana da kaka baƙi ko na nesa, kai baƙi ne. Sai a 1967 ma kotun ƙoli ta soke dokokin hana auren fari da baƙi. Ku fa, me kuka tarar?

Injiniya a Sawo Paulo: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Da abokin nan naka a Barazil yake, mai yiwuwa fari za a ce masa, ko pardo, wato ruwa biyu. Nan kamanni ake dubawa, ba asali ba. A ƙidayar 2022 pardo ne suka fi yawa, kusan kashi 45 cikin ɗari. Kowa zai rantse maka babu wariya, ana ci ana sha tare. Amma ran da na koma sabon gida, mai gadi ya nuna mini lif ɗin masu aikatau, alhali ni ke biyan haya a benen. Wallahi har yau abin na ci mini rai.

Ma'aikaciyar jinya a Faransa: Mu nan ƙidaya ba ta tambayar launi kwata-kwata, hukuma ta ce duk 'yan ƙasa ɗaya ne. Sai dai wata uku na yi ina neman gida. A waya lafiya lau, ina faɗin sunana sai a ce an riga an bayar.

Ɗan kasuwa a Johanasbag: Yaya, nan Afirka ta Kudu dokar wariyar launin fata ta 1950 ce ta raba mutane aji-aji, har da ajin Coloured, wato ruwa biyu, daban. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta ba ni labarin yadda ake soka fensir a gashin mutum, in ya maƙale a ce baƙi ne. An soke dokar a 1991. Ni kuwa da baƙi ɗan'uwana na sha wuya: ya ji harshena ya ce mini makwerekwere, sunan raini da suke kiran 'yan Afirka da suka zo daga wasu ƙasashe, ya ce in koma ƙasarmu.

Ɗalibi a Alƙahira: Ni yara ne suka bi ni a layi suna ce mini "shokolata", wato cakulan. Wani tsoho ya fito daga shagonsa ya daka musu tsawa, ya kama hannuna har bakin masallaci.