Abin da aka tattauna kan motar da ake jin tana da gudu

Ga abin da na tsinta daga muhawarar da aka yi kan me ke sa direba ya ji mota tana da gudu, don wanda bai samu bi ba.

1. Kusan kowa ya yarda lambar da ke ƙarshen maleji ba ita ce magana ba. A cikin gari dokar Najeriya kilomita 50 ce a awa, babbar hanya 80, titin ekspres 100 ga ƙananan motoci. Abin da direba ke ji a jikinsa shi ne fizgar da mota ke yi daga danja, ko lokacin wuce tirela. Wannan ƙarfin juyin inji ne tun injin yana juyawa a hankali, ba yawan ƙarfin doki ba. Shi ya sa motar lantarki ke ba mutane mamaki, ana taɓa totur take amsawa.

2. Nauyi. Da yawa sun kawo misalin Golf 3: injin ƙarami, amma jikin ba nauyi, sai ta yi ta tsalle.

3. A kan giya aka rabu. Masu giyar hannu sun ce kai ke riƙe da motar. Wasu suka ce otomatik na zamani ya fi hannu saurin canji. CVT kuwa, wato nau'in otomatik da ba a jin canjin giyarsa, ta sha suka, inji na ihu, jiki bai ji komai ba.

4. Ƙarar salansa da zama kusa da ƙasa suna sa a ji kamar ana gudu. Wasu sun kira shi yaudarar kunne, ni ma ina tare da su.

5. Makanikai sun tunatar a riƙa duba fulogi, matatar iska da iskar taya, don matsalarsu na rage wa mota kuzari. Kunna esi ma na rage wa ƙaramin inji kuzari.