Don Allah ku raba mu gardama: ta ceci ƙanenta ne, ko ita ce silar mutuwarsa?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana uku ke nan ni da maigidana muna ja-in-ja a kan kashi na takwas na wani shiri mai dogon zango da muke bi, irin wanda ake komawa zamanin baya. Ba zan faɗi sunansa ba don kada in ɓata wa wanda bai kai wurin ba.

Jarumar ta koma baya shekara ashirin don ta hana ƙanenta shiga motar da ta yi hatsari da shi. Ta tare shi a bakin titi, ta ja shi da surutu har motar ta tashi ta bar shi, sai ya hau motar da ke biye da ita. Kafin ta dawo, ta kwance agogon hannunta mai tsagaggen gilashi ta ba wata yarinya, wadda ita ce kanta tana ƙarama. Da ta dawo zamaninta ta tura ƙofar gida, sai aka ji muryar namiji ya kira sunanta daga ciki. Ba a nuna fuska ba. Allo ya yi baƙi, shi ke nan.

Ni na ce ƙanen ne, ta cece shi. Shi kuma ya dage cewa mota ta biyun ce ta yi hatsarin tun asali, wato ita da kanta ta tura shi. Yanzu ya ce marubutan sun raina mana hankali, ya daina kallo, ni kuma kallo ni kaɗai ba ya min daɗi. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? In ci gaba ko in haƙura?

Malamin Kimiyya:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin ku tambayi wa ya yi magana a bayan ƙofa, ku fara gano dokar da shirin ya kafa wa kansa. A wasu labaran, in ka taɓa baya sai yau ta sauya. A wasu kuma abin da ya faru ya riga ya faru, komawarka ma tana cikin abin da ya jawo shi. Wani masanin Rasha, Igor Novikov, ya yi fice da wannan ra'ayi a shekarun 1980: ko da za a iya komawa baya, ba za a iya aikata abin da zai warware tarihi ba. Akwai kuma masu cewa zamani reshe yake yi, ka ceci mutum a wani reshe amma naka na asali yana nan a kabari. Marubuta sukan jingina wannan da ra'ayin da wani masanin Amurka, Hugh Everett, ya kawo a 1957.

Agogon nan shi ne zai raba ku. Ki koma kashi na farko. In tun farko an nuna wata baƙuwa ce ta ba ta shi tana yarinya, to an ɗaure zaren a kan doka ta biyu, kuma maigidanki ya fi kusa da gaskiya, sai dai ki yi haƙuri.

Uwar Biyu:

Malam ka cika tsauri wallahi, ka bar mu da ɗan fatanmu mana. 'Yar'uwa, ki kunna rubutun ƙasan allo ki sake kallon minti biyun ƙarshe. Sau da yawa masu rubuta shi suna sa sunan wanda ya yi magana ko da ba a gan shi ba. Ki kuma tsaya ki karanta jerin 'yan wasa da ke wucewa a ƙarshe, ko an sa wanda zai fito a ƙanen bayan ya girma. Sannan ki kalli fuskarta da kyau lokacin da ta ji muryar. Murna ce ko firgita?

Mai Ƙorafi:

Ni dai ina bayan maigida. Wannan ba wata fasaha ba ce, dabarar riƙe 'yan kallo ce kawai, a bar ka a rataye don ka dawo mako mai zuwa. Kuma agogon ma bai zauna ba. Babba ta ba ƙarama, ƙarama ta girma ta koma ta ba ƙarama. To wa ya ƙera shi? A wace rana gilashin ya tsage? Kowane zagaye yana ƙara shekara ashirin na tsufa, ya kamata a ce tuni ya ruɓe ya zama gari. In marubuci bai iya amsa wannan ba, me zai sa in ba shi darena?

Malamin Kimiyya:

Ɗan'uwa, maganar tsufan agogon kam ka yi gaskiya, tsohuwar matsala ce da masana suka daɗe da lura da ita a irin wannan zagaye. Amma akwai bambanci tsakanin marubucin da ya ɓoye amsa da wanda ba shi da ita sam. Na farko yana barin sawu: lambar mota, launin riga, hoton da ke jikin bango. Na biyu duhu kawai yake sakar maka.

Af, tunda an taɓo kimiyya: tsallakawa zuwa zamani mai zuwa tabbatacce ne, ko da kaɗan. Agogunan taurarin ɗan'adam na GPS, masu nuna mana hanya a waya, suna riga na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, kamar yadda lissafin Einstein ya nuna, kuma dole ake gyara hakan. Komawa baya ce ba wanda ya taɓa nunawa. A 2009 masanin kimiyya Stephen Hawking ya shirya liyafa a Cambridge ta Ingila don matafiya daga zamani mai zuwa, bai fitar da gayyata ba sai bayan an tashi. Ko mutum ɗaya bai zo ba.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na koma na duba. A kashi na farko lallai wata mata ce da ba a nuna fuskarta ba ta ba ta agogon, gilashin a tsage. Jikina ya yi sanyi. Rubutun ƙasan allo kuwa "muryar namiji" kawai ya ce, sun rufe wannan ƙofar. Amma ga abin da na gani: a kashi na farko akwai hoton ƙanen a falo da baƙin ƙyalle a gefen firam ɗin. Da ta tura ƙofa a kashi na takwas, an hasko bangon na ɗan lokaci, hoton yana nan, ƙyallen babu. Sau huɗu ina tsayar da wurin.

Uwar Biyu:

Ayyiriri! Malam sai ka yi bayani.

Malamin Kimiyya:

To fa. Agogo na cewa ba abin da ya sauya, bango na cewa ya sauya. Ko dai da gangan suka haɗa biyun don su nuna ta faɗa wani reshe, ko kuma mai shirya ɗaki ne ya manta da ƙyalle. Ki ba su kashi biyu. In aka sake hasko bangon nan da niyya, sun san abin da suke yi. In ba a ƙara waiwayarsa ba, na sallama wa Mai Ƙorafi.

Mai neman shawara:

Haka zan yi. Na nuna wa maigidan hoton, ya ce kuskuren ma'aikata ne, shi fa ya gama da shirin. Ɗazu da na ɗauki wayarsa zan haska fitila, sai na tarar da kashi na tara a buɗe, an tsayar da shi a minti na goma sha bakwai.