Me za mu kira injin da ke huda dutse don kafa kusoshin igiya?

Mai-Igiya, Tudun Wada: Jama'a, a kama mini. Muna rubuta bayani da Hausa ga yaran da ke koyon hawan dutse a tsaunukan Shere, mun zo kan injin da ake huda dutse da shi a kafa kusa mai noti. Kowa "diril" yake cewa, alhali iri biyu ne, kuma wanda ya sayi ɗayan ba zai huda giranayit, dutsen nan mai tauri na Jos, ba.

Baba Kafinta: Ai muna da barima tun da. Abin huda ne mai murɗawa, daga nan ɗan kunnen mata ya samo suna. Ku ce barimar lantarki, shi ke nan.

Injiniya, Bukur: Baba, barima ta zauna, amma sai an raba. Ta farko faifai biyu ne masu haƙora suke gugar juna, bugun yana da yawa amma ba nauyi, sai ka danna da ƙarfin ƙirjinka. Ta bulo ce. Ta biyu fistan ne yake matsa iska, iskar ta jefa ƙarfe ya daki gindin tsinken, wato sandar ƙarfen da ke shiga dutse tana hudawa. Ita ce ta dutse. Mutumin da ke reto a jikin igiya ba shi da abin tokarawa, to wadda ke duka da kanta yake bukata. Dannawa da yawa ma rage mata gudu yake yi.

Mai-Igiya: To, barima mai karkarwa da barima mai guduma?

Injiniya: Sun yi. A rubuta kuma cewa mai guduma bakinta SDS-plus ne, gindin tsinke milimita 10 mai kwari-kwari da ke barinsa ya yi gaba da baya. A nemi mai batir mai ƙarfin lantarki bolt 18, ƙarfin bugu wajen jul 2, nauyi kilo 2 zuwa 3. Mai bolt 36 ta fi sauri, sai dai kafaɗa ce za ta biya kuɗin. A tafi da batir biyu.

Malama, Naraguta: Ni "tsinke" ne bai kwanta mini ba, Injiniya, sai na ga tsire. Harshe fa?

Baba Kafinta: Harshe ba ya cin dutse, 'yata. Haƙori ke ci. A bar tsinke, ƙarfen nan mai tauri na kabayid da ke kansa a ce haƙori.

Injiniya: Wannan ya taimaka, don haƙorin ne ke kawo matsala. In ya cinye, rami yana fita a matse, kusar milimita 10 ta ƙi shiga, a yi ta dukanta har ta lalace. In ya yi zafi kada a tsoma shi a ruwa, tsagewa zai yi. Kafin a huda a ƙwanƙwasa dutsen da guduma: in ya yi ƙara kamar ganga, ɓawo ne, a matsa. Ramin ya ɗan fi kusar zurfi, a hure ƙura da bututu, a goge da buroshi, a sake hurewa. Kusa da marataya, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a kan kusar don saƙala igiya, kuma su zama ƙarfe iri ɗaya mara tsatsa, in an gauraya damina za ta ci ɗaya.

Mai-Igiya: Na rubuta: barima mai guduma, tsinke, haƙori. Saura gam ɗin nan da ake durawa a rami, shi ma ba mu da sunansa.