Shin tausayin ma'aikatan jinya yana cikin magani bayan tiyata?

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum. An yi wa mahaifiyata aikin cire ƙari a mahaifa, kuma alhamdu lillahi an yi nasara, amma tun da aka sallame ta ba ta ambaton likitan da ya yi aikin, sai wata nas ta aikin dare wadda ke kiranta Mama, tana gaya mata abin da za ta yi kafin ta taɓa ɗinkin. Shin wannan kyautatawar tana da tasiri ga waraka, ko kuwa daɗin rai ne kawai?

Nas mai ritaya: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Mama sauƙi. Ɗana, yana da tasiri. Wanda aka yi wa aiki a ciki ana so ya tashi ya ɗan taka da wuri, ya yi tari, ya ja numfashi mai zurfi, domin kada jini ya daskare a ƙafa ko majina ta taru a huhu, kuma duk waɗannan suna da raɗaɗi. Majinyacin da aka daka wa tsawa zai lafe a gado ya ɓoye ciwonsa, amma wanda aka ba maganin zafi kafin a tashe shi, aka nuna masa yadda zai danne ɗinkin da matashi in zai yi tari, zai ba da haɗin kai. A wani bincike da aka yi a birnin Boston na Amurka a 1964, waɗanda likitan allurar barci ya yi wa bayani da ƙarfafa gwiwa sun buƙaci kusan rabin maganin zafin da sauran suka buƙata.

Ma'aikacin lafiya, Maraɗi: Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai ina ganin ana ɗora wa nas laifin da ba nata ba ne kaɗai. Binciken Linda Aiken, masaniyar aikin jinya, a asibitocin jihar Pennsylvania ta Amurka a 2002 ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara haɗarin mutuwa cikin kwana 30 da kashi 7 cikin ɗari. Wadda ke riƙe da ɗaki guda ita kaɗai da dare, ga ƙarin ruwa ya ƙare nan, ga ledar fitsari ta cika can, yaushe za ta samu lokacin lallashi?

Nas mai ritaya: Ƙarancin ma'aikata gaskiya ne, na yi aiki a cikinsa. Amma jawo labule kafin a buɗe jikin mace, da cewa "sannu" kafin allura, ba sa buƙatar ƙarin ma'aikata.