Bashi da amana a kasuwar Mile 12 da ke Legas: abin da aka tattauna

Ga taƙaitaccen abin da 'yan'uwa suka faɗa kan ba da kaya bashi.

1. Kusan kowa ya yarda cewa abokin ciniki na kullum ba kasafai yake cin amana ba, domin gobe ma zai dawo neman buhun albasa. Baƙon da zai ɗauki kwandon tumatir ya hau mota zuwa Ikorodu kuwa, lissafinsa daban.

2. Wani ɗalibin tattalin arziki ya kawo misalin gasar kwamfuta da wani masani, Robert Axelrod, ya shirya a 1980, inda dabaru daban-daban suke ta haɗuwa da juna, kowace tana zaɓar yin kirki ko cuta a kowane karo. Dabarar Anatol Rapoport ce ta zo ta ɗaya: ka fara da kirki, daga nan ka mayar wa mutum abin da ya yi maka a karon baya. Da aka bar dabarun suna yaɗuwa gwargwadon ribarsu, masu cuta sun yi ƙiba da farko, sai suka rame bayan waɗanda suke cuta sun ƙare.

3. An rabu kan yafiya. Wasu sun ce wanda ya saɓa sau ɗaya, a rufe masa littafi. Wasu sun ce kuɗin da ya maƙale a banki ba cuta ba ne, kuma ramuwa kan kuskure takan zama gaba. Ni dai nan na karkata.

4. Masu adashi sun ce saboda amana, a bar sabon shiga ya yi kwasar ƙarshe.